Shekarar Da Baba Ya Liƙe Rumbu

Bana bazara ta gasa mu sosai kafin hadari ya fara leƙowa ta gabas. A cikin wannan zafin ne jami'a ta tara mu a Maraɗi, mu ɗaliban doktora, a wani ɗaki mai fankokin da ba sa juyawa sai sun ga dama, wai za a ba mu horo kan dabarun bincike da ƙirƙiro sabbin abubuwa. Ni ce babba a ajin. Na daɗe ina koyarwa a kolej kafin kwaɗayin karatu ya sake kama ni, don haka yaran suke ce mini Yaya Mariyama, ni kuma ina yi musu kallon waɗanda cikinsu bai taɓa yi musu kuka ba. Bincikena a kan ƙasar noma yake. Da gangan na zaɓi ƙasa, don ita ko ka tona ta har ina, ba wanda zai sunkuyar da kai.

Farfesan da aka ɗauko mana daga Yamai mutumin kirki ne, kuma ya san aikinsa. Ya koya mana yadda ake tsayar da tambaya guda a bi ta, da yadda ake neman yardar mutum kafin a ɗauki muryarsa, da yadda ake gano wata dabara a hannun manoma a gyara ta ta amfani kowa. Amma abin da ya fi nanatawa har muka haddace shi ne kada mai bincike ya tsaya a kan baki ɗaya. Ya ce abin da mutum ɗaya ya gaya maka labari ne kawai, sai ka ji shi daga bakuna uku da ba su zauna sun shirya ba, sannan ka rubuta shi a matsayin gaskiya.

Da aka zo rabon aikin fita ƙauye, rukuninmu ya faɗa kan yadda magidanta suke kai hatsinsu damina. Wani yaro mai zaƙin baki, Isuhu, ɗan wajen Safo, ya ɗaga hannu.

"Farfesa, ai ba sai mun wahala ba. Akwai wani dattijo gehen tabkin Madarunfa, Idi mai rumbu. Shekarar yunwa rumbun kowa ya ƙare, nashi ya kai damina a liƙe, har ya raba ma mutane iri. Har garinmu ana hwaɗin shi."

Na so in yi shiru, amma sunan yana manne da nawa a takardun jami'a.

"Babana ne," na ce.

Aka yi ta tafi, Farfesa yana cewa sa'a ta biyo mu har aji. Ni kuwa na shiga neman hanyar zillewa. Na ce Baba ya tsufa, na ce hanyar ba ta da kyau, na ce akwai wasu ƙauyukan da suka fi kusa, duk ba wanda ya saurare ni. Rumbun nan babu ko tsabar gero a cikinsa a waccan shekarar. Na sani, duk dattawan ƙauyenmu sun sani, kuma fiye da shekara ashirin kowa yana ɓoye wa Baba cewa an sani. Yanzu ga shi ni da kaina zan kai masa mutanen da aka koya wa tono.

Ina budurwa lokacin, ina zuwa kolej a Madarunfa da ƙafa. Daminar da ta gabaci yunwar ta fara da kyau, gero ya yi baƙi ƙirin, har tsofaffi suna cewa rumbuna za su yi kaɗan. Yana fara fitar da kai sai ruwa ya ɗauke cak. Kullum da la'asar hadari ya haɗu, mu ɗaga kai muna kallo, iska ta zo ta watsa shi. Abin da ya ɗan yi ido kuma fara ta zo ta ƙarasa. Da kaka ta yi, zangarniyar da muke yanka ba ta fi ɗan yatsa ba, in ka murza ta a hannu sai ƙaiƙayi.

A wurinmu mace ba ta leƙa rumbun gandu, ko matar gida ce ko 'ya. In an gama kaka, maigida ya auna wa matarsa abin da za ta riƙe gida da rani, ya hau ya rufe bakin rumbu ya liƙe da laka, ya kifa jinka, ya tafi cirani. Ba a buɗewa sai ruwan shuka ya sauka, don masu noma su sami ƙarfin riƙe hauya. Tsakanin nan mace ta san yadda za ta yi da abin da aka ba ta da kuma ɗan abin da ta samu a gamanarta, wato 'yar gonar da ake yankar mata. Rumbunmu na ƙasa ne, kakana ya gina shi, kuma ya fi na kowa girma a unguwar. Ana cewa tun da aka gina shi ba a taɓa ganin gindinsa ba.

A shekarar nan Baba shi kaɗai ya yi aikin rumbu. Da ni nake miƙa masa dami daga ƙasa, amma ya ce in je in taya Inna roron wake. Da muka dawo ya riga ya liƙe, ya jera wa Inna nata dammunan a ɗaki, yana wanke laka a hannu yana 'yar waƙarsa. Bayan kwana kaɗan ya rataya jaka ya bi hanyar Gabi ya shiga Najeriya.

Da farko ba mu ji jiki ba. Tuwo ya koma sau ɗaya a rana, fura ta ƙara ruwa, shi ke nan. Inna ta riƙa soya ƙuli-ƙuli da 'yar gyaɗar gamanarta, ni ina kaiwa kasuwa in na taso daga makaranta. Gyaɗa ta ƙare, aka sayar da akuya, aka bi da 'yarta. Kafin sanyi ya gama wucewa dammunan ɗaki sun ƙare, muka koma sayen dusa, wadda da awaki muke ba. Ana tankaɗe ta a dama da busasshiyar tafasa, kana haɗiya tana kartar maƙogwaro. Sai jiga, sai wasu ganyayen da ban san sunansu ba sai a shekarar. Daga baya muka shiga anza. Wanda bai ci anza ba ba zai gane ba. 'Ya'yan itace ne masu ɗacin tsiya, sai an jiƙa su kwanaki ana zubar da ruwan ana sakewa kafin su ciwu, kuma ko an dafa su ɗacin yana kwana a bayan harshe. Har yau in na ga ana auna ta a kasuwa sai miyau mai ɗaci ya cika mini baki.

Sannan zafi ya sauka. Yashi yana ƙona ƙafa ta cikin takalmin roba. Tabki ya ja baya ya bar laka ta tsattsage, iska tana kawo warin mataccen kifi har cikin gida. Da asuba ni da Inna da matan unguwa muke tafiya daji yin itace, mu dawo rana ta take, wuya kamar zai karye, mu sayar mu samo ɗan garin rogo. Ba mai hira a hanya. Yunwa tana sa mutum tsimin magana, ko gaisuwa sai a taƙaice. Makaranta kuwa na riƙa zuwa yau in fasa gobe, don in na zauna a benci allo yana yi mini rawa. Amma duk gajiyar da muka kwaso, lokacin daka yana yi Inna take jawo turmi. Ko dusa ce ƙwarya ɗaya sai ta zuba ta, ta sa ni in kama taɓarya mu yi luguden da za a ji har bayan katanga. Na ɗauka tsabar son aiki ne irin nata.

Duk wannan, in na shigo gida na ga rumbun nan tsaye da jinkarsa, sai raina ya kwanta. Nakan ce wa ƙanwata Zali ta yi haƙuri, ruwa na sauka za mu ci tuwo har mu bar saura. Zali ba ta daɗe da yaye ba a lokacin. Gashinta ya fara ja, cikinta ya fito, ta daina kuka mai ƙarfi sai wani ɗan nishi. Ranar da na ɗauke ta na ji ba ta fi kaza nauyi ba, na ajiye ta na sami Inna tana wanke anza.

"Inna, mu hwasa rumbun nan. In Baba ya dawo ki ce ni ce. Shi kashe ni."

Ba ta yi faɗa ba. Ta goge hannu a zane, ta ja ni bayan rumbun inda ba mai ganinmu.

"Ke 'yar boko mai zuwa lakwal, duƙa ki duba ƙarƙashi. Mi kinka gani?"

"Ba komi."

"Yaushe rabon ki ga kazar maƙwabta ta yi tono nan? Kin ga kashin ɓera? Kin ga tururuwa?"

Na sake duban ƙasar, fes take kamar an share.

"Abin da ubanki ya ba mu shi ne duka abin da gona ta ba shi. Da kara ya cika rumbun. Bai hwaɗa mini ba, ni ma ban tambaye shi ba. Ran da anka ji rumbun gidanga wayam, masu son jinginar gona za su yi layi ƙohwar nan, kuma ubanki ba shi ƙara zama cikin maza. Ya tahi nemo abin da za shi zuba ciki kahin ruwa. Aikinmu mu riƙe mishi bakin rumbu har shi dawo. In kinka hurta ma wani, ba ni ba ke."

Daga ranar yunwar ta canja ɗanɗano. Da a ciki kawai nake jin ta, yanzu ta haɗu da kunya da haushi. Aka kawo hatsin rahusa Madarunfa, matan unguwa suka tafi bin layi, Inna ta ce mu ba za mu ba, mai rumbu a liƙe ba ya tsayawa layi ya tare wa marasa shi wuri. Mata suna zuwa har ɗaki suna roƙon ta ta sa baki in an buɗe a ranta musu iri, tana cewa in sha Allahu, sai maigida ya dawo. Ni ina gefe ina jin kamar in kurma ihu. Na tsani rumbun nan. Baba ma, Allah ya yafe mini, na tsane shi a kwanakin, domin na ga ya ɗora girmansa a kan wuyan yarinyar da ko tsayuwa ba ta iya yi.

Ana cikin haka wani saurayi ya zo ƙauyenmu a kan moto, wato babur, ɗalibin doktora ne daga Yamai, irina na yau. Yana binciken abin da ya rage wa mutane na abinci. Leɓɓansa duk sun tsage da zafi, yana da ladabi, yana durƙusa wa tsofaffi. Aikinsa shi ne ya zagaye rumbu da igiya ya auna, ya hau tsani ya leƙa. Ya wuni yana leƙa rumbuna wayam, masu su suna tsaye suna kallon ƙasa. Da la'asar mazan suka gaji da nuna tsiraicinsu, wani ya ce a kai baƙo gidan Idi ya ga ƙauyen nan bai mutu duka ba. Haka suka shigo mana, har da yara, Baba Kalla yayan Baba yana gaba.

Inna ta yi magana daga bayan zana. "Mai gidan ba shi nan. Ba a buɗe rumbu bayan mai shi."

Saurayin ya ce zai auna daga waje kawai, ya auna. Sannan ya ce malamansa ba za su karɓi awon waje ba, sai ya ga inda hatsin ya tsaya da idonsa. Baba Kalla yana da 'ya'ya cike da gida, kuma na san ya daɗe yana son ya san abin da ƙaninsa ya tara.

"Ko Idi na nan ni ne babba," ya ce. "Hau ka duba, yaro. Ai ba ɗiba za ka yi ba. In ka gama mu maida laka."

Ina tsaye da tulu a kai, na kasa saukewa. Aka ɗaga jinka, aka ɓanɓare laka. Ya leƙa, ya zura hannu, ya ƙara zurawa har kafaɗa, ya zaro kara guda ya duba shi kamar bai taɓa ganin kara ba. Ya karɓi sanda ya caka har ƙasa.

"Kara ne," ya ce da ƙarfi, da muryar wanda ya gano abu. "Har ƙasa kara ne. Babu hatsi."

Sai da ya faɗa sannan ya dubi fuskokin mutane. Ban taɓa jin shiru irin na ranar ba. Bayan zana kuwa ko motsi babu. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige ban waiwayo ba.

Baba Kalla ne ya fara motsi. Ya kori yara, ya karɓi tulun daga kaina ya kwaɓa laka da ruwan, ya hau tsanin da kansa ya maida murfi ya liƙe, ya kifa jinka. Da ya sauko idonsa ya yi ja.

"Ba wanda ya ga komi nan," ya ce. "Kun ji ko? Rumbun Idi shina liƙe yadda ya bar shi. Wanda duk ya kai mishi maganar ga, shi da Allah."

Saurayin ya yi ta ba da haƙuri har bakin hanya. Ban riƙe shi a zuciya ba, ko a lokacin. An ce masa ya duba da idonsa, ya duba.

Washegari Goggo Hajo, maƙwabciyarmu, ta shigo da ƙwarya a rufe. Ta ce wa Inna, "Ga dawar da kinka ranta mini bara waccan, mantuwa ta sa ban maido ba." Inna ba ta taɓa ranta mata dawa ba. Ta karɓa ta ce ba komai, ba ta ɗago kai ba. Bayan ita wata ta tuna da rancen gari, wata ta tuna da na wake. Mutanen da su ma ba su ƙoshi ba, daga abin da suka samo a layin rahusa suke gutsuro mana. Matar Baba Kalla ta goya Zali ta kai ta likita, wai hanya ce ta biyo da ita. Aka riƙa ba ta wani abu mai maiƙo a leda, a hankali ta fara zama. Tonon asirin nan shi ya ceci ƙanwata, kuma har yau ban san inda zan ajiye wannan maganar ba. Abin da na sani shi ne kowace loma da na ci a kwanakin da kunya na haɗiye ta, kuma na daina zuwa rijiya sai lokacin da ba kowa.

Baba ya dawo lokacin da hadari ya fara tsayawa. Ban gane shi daga nesa ba. Ya rame ya yi baƙi, kafaɗunsa sun yi kanta saboda ga-ruwa, babbar rigar da ya tafi da ita ba ta dawo ba. Ya ɗauki Zali ya daɗe yana juya hannunta a cikin nasa. A amalanken da ya kawo shi akwai buhuna lulluɓe da tabarma, ya ce saƙon wani mutumin garin Sarkin Yamma ne, zai zo ya ɗauka. Kowa ya ce to. Ranar kasuwa ya tura mu itace ni da Inna, kuma ikon Allah, ranar duk unguwar ta tashi da buƙatar kasuwa, har tsohuwar da ta shekara ba ta fita ba an ɗora ta a jaki. Da muka dawo buhuna sun tafi, wai mai su ya zo, ga kuma tokar kara da ɗuminta a bayan gida.

Ruwan shuka ya zo da rana tsaka. Iska ta fara kwashe zana, gari ya yi duhu, ƙamshin ƙasa ya bugi hanci tun kafin ɗigon farko. Muka tsaya cikinsa ba wanda ya nemi mafaka. Kafin magariba kwaɗi sun cika bakin tabki da kuka. Da safe Baba ya sa a kira yayansa da maƙwabta, ya hau rumbu a gaban kowa ya yi bisimilla ya fasa laka. Ya shiga ya riƙa miƙo ƙwarya cike da gero yana kiran suna, wannan irin Kalla ne, wannan na gidan Hajo. Hatsin da aka ce da zangarniyarsa aka rufe shi ya fito a sussuke tas, har da zaren buhu a ciki. Baba Kalla ya tsince zaren ya sa aljihu ya ce, "Allah shi ƙara ma rumbun ga albarka, Idi." Kowa ya ce amin. Baba yana sama yana murmushi, laka a goshinsa, ni kuwa na shige ɗaki na kifa kai a gado. Kunyar ranar ta fi ta ranar da aka zaro kara. Ubana ne yake nuna bajinta a gaban mutanen da suka san komai, kuma tausayinsa suke ji.

Muka yi shuka a ranar, maza suna sara mu muna bi muna zubawa muna takewa da diddige. Abin da ya rage bayan rabon iri bai taka kara ya karya ba, don haka yunwar ba ta sake mu nan take ba. Aka yi noman farko da fura mai ruwa, mutum ya yi kunya biyu ya tsaya ya dafa hauya har jiri ya wuce. Aka yi maimai da ɗanyen ganye, wanda yanzu ya tsiro ko'ina, har Allah ya kai mu tumu. Na tuna zangarniyar farko da Inna ta gasa ta murza mana a tafin hannu, da zafinta, Zali tana miƙo nata hannun. Daminar ta yi kyau, kuma a kakar rumbun ya cika da gaske.

Labarin kuwa ya yi ta girma da shekaru. Baba yakan ba da shi a gindin gawo yana ƙara masa gishiri, tsofaffi suna gyaɗa kai. Sunan Idi mai rumbu ya kai har ƙauyukan da ba su san fuskarsa ba. Inna ta rasu ba ta ce masa uffan ba. Yanzu ba a cika liƙe rumbu ba ma, buhu ake jerawa a ɗaki a kulle, kuma in abinci ya ƙare ɗa ya turo wani abu ta waya daga inda yake cirani. In an zo rabon taimako har gardama ake yi a ƙofar maigari. Ban ce sun yi laifi ba, na dai san Inna da ta gwammace ta koma wa anza.

Ranar fitarmu motar jami'a ta sauke mu ƙofar gida da hantsi, sama ta yi nauyi da hadarin da ya ƙi zuba. Baba ya sha farar riga, an shimfiɗa tabarmi a inuwar rumbun. Isuhu ya nemi yardarsa yadda aka koya mana, ya ajiye waya a gabansa tana ɗaukar murya. Baba ya gyara zama ya ba da labarin tun daga zuwan fara har rabon iri. Ya ce ba wata dabara a ciki sai haƙuri da mace mai riƙon gida. Ni ina zuba wa baƙi ruwa, ina addu'a batirin wayar ya mutu.

Sai Farfesa ya tuna mana darasi. Aka tura Isuhu da wata ɗaliba su nemi waɗanda suka ga abin, kowa a gidansa, ba a gaban Baba ba. Abin da nake gudu ke nan. Baba Kalla ya tsufa har yana kiran jikokinsa da sunan matattu, Goggo Hajo kuwa bakinta ba ya riƙe komai tun da haƙoranta suka zube. Na bi su wai in nuna hanya.

Baba Kalla yana kwance a zaure. Isuhu ya ɗaga murya ya tambaye shi. Tsohon ya daɗe yana kallon azara.

"Rumbun Idi? Cike shike. Ni da idona na gani. Irin da na shibka shekarar nan daga ciki ya hito."

Goggo Hajo kuwa tsaki ta yi. "Wace irin tambaya ce wagga? Mu da munka ci rance gidan?" Ta juyo ta dube ni, ta ce in gaida Zali da yaranta.

Muka koma inuwar rumbu, Isuhu yana ta washe baki. Farfesa ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce ga abin da yake nufi, bakuna uku a gida uku sun faɗi magana ɗaya. Ya ce daga nan za a iya gina sabon abu, a farfaɗo da liƙin rumbu ya zama tsarin ajiya na unguwa, rukuninmu ya rubuta shi ya gabatar ranar rufe horo. Sannan ya juyo gare ni.

"Ga ma shaida ta huɗu muna zaune da ita. Madam Mariyama, kina gidan nan a shekarar. A matsayinki na mai bincike, haka abin ya faru?"

Jiya-jiyan nan muka wuni a kan amanar bincike, ni ce ma na fi kowa zaƙewa wajen caccakar masu rubuta abin da ba su gani ba. Wayar tana nan a kan tabarma tana ɗauka. Baba yana kallona, hannunsa a kan gwiwa, jijiyoyi duk sun fito.

"Haka aka yi," na ce.

Na ji kunyar Farfesa, na ji kunyar yaran da suke ce mini Yaya, na ji kunyar digirin da nake nema tun kafin in same shi. Na san kuma in aka gina tsari a kan wannan labarin, wata mata ce a wani ƙauye za a ce ta yi haƙuri da rumbu a liƙe yayin da ɗanta yake ramewa. Na ƙudurta sai na karkatar da rukunin zuwa wani aikin, ko da za su ce Yaya ta cika rigima. Amma a gaban Baba, ko yau aka sake tambayata abin da zan ce ke nan.

Baƙi suka tafi ganin tabki kafin mota ta juya, na tsaya tattara kofuna. Baba bai tashi ba. Yana kallon saman rumbun, ya yi magana kamar da kansa yake.

"Kalla bai taɓa iya liƙi ba. Tun muna yara laka ba ta jin hannunshi. Ran da na dawo, tun daga ƙohwar gida na hangi jinkar a karkace, da na hau na tarar da shahin bahago irin nashi."

Kofi ya suɓuce mini. Na durƙusa a wurin, na kasa ɗaga ido.

"Baba, ashe..."

"Mutane sun ruhwa maka asiri, kai kuma ka tashi ka tona nasu?" Ya miƙo mini kofin da ya gangara gabansa. "Kada ki hwaɗa ma Kalla na gane. Ya tsuhwa, kunya na iya kashe shi."